Yadda ake raba ɗan wasa da suɓutar da ƙwallo a ƙwallon ƙafa irin na Amurka

A ƙwallon ƙafa irin na Amurka akwai ɗan wasan da aikinsa shi ne ya sheƙa a guje daga gefen fili, ya zille wa mai tsaronsa, ya cafe ƙwallon da mai jifa ya wurgo masa. Shi ake kira risiba. Idan ƙwallo ta sauka a hannunsa biyu sannan ta faɗi, wahalar sauran mutum goma da ke fili tare da shi ta tashi a banza. Ya yi haka sau uku ko huɗu a 'yan makonni, sai ka ji 'yan kallo sun yanke masa hukunci, wai hannunsa ne ba kyau, haka Allah ya yi shi.

Wannan hukunci yana yi mini ciwo, domin ya kori yara da yawa daga wasan tun ba su san inda matsalarsu take ba. Jerry Rice, wanda har yau ba a kamo shi ba a yawan cafiya a NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, da guda 1,549, ya fara kakarsa ta 1985 a San Francisco 49ers da zubar da ƙwallo har magoya baya suka riƙa yi masa ihu. Kafin kakar ta ƙare, a watan Disamba, ya cafe ƙwallo 10 da suka ci nisan yadi 241 a wasa guda da Los Angeles Rams. Saboda haka ana warkewa. Sai dai suɓutar da ƙwallo alama ce da cututtuka daban-daban ke haddasawa, kowace da maganinta. Kocin da bai gano wadda ke damun yaronsa ba, ko shekara zai yi yana jefa masa ƙwallo, gajiya kawai za su kwasa.

Abin da zan bayyana ya shafi mai wasan karo da ake sa hular kwano, ya kuma shafi mai wasan zare tuta daga ƙugu, wanda zai shiga gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles, matasa kuma suka rungume shi a Najeriya, musamman a Legas.

Kayan aiki

Ƙwallon wasan, aƙalla biyu, uku sun fi. Ka tabbata irin wadda za a yi gasa da ita ce, girma da nauyi. Ta NFL fata ce, tsawonta kusan santimita 28, nauyinta ya ɗan haura giram 400, ba ta da farin zane. Ta wasan jami'o'i tana da farin layi kusa da kowane tsini. Kada ka raina wannan bambanci. A wasannin share fage na 2021 Ja'Marr Chase na Cincinnati Bengals ya yi ta zubar da ƙwallo, ya kuma bayyana cewa rashin farin layin nan na daga cikin abin da yake ƙoƙarin sabawa da shi. Mutane suka yi ta yi masa dariya. Ga shi bai buga kakar 2020 ba sam, ido da hannu sun yi tsatsa. Da ya saba, ya ƙare kakar da cafiya 81 da yadi 1,455, aka ba shi kyautar gwarzon sabon ɗan wasan gaba.

Ƙwallon tanis guda huɗu zuwa shida, da bango mai santsi.

Waya mai ɗaukar bidiyo a hankali, da abin kafa ta. In babu abin kafawa, wani ya riƙe, amma ya tsaya wuri ɗaya.

Littafi da biro. Tef mai launi ko maka mai kauri. Tawul, bokitin ruwa, da filo ko tsohuwar katifa da za a naɗe.

Mai jifa mai saiti. Manyan ƙungiyoyi suna da injin harba ƙwallo da ake kira JUGS, mai tayoyi biyu da ke juyawa su tofo ƙwallon da irin gudun da aka saita. Yawancinmu ba mu da shi, kuma ana iya aikin ba tare da shi ba. Sami mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa don kada kafaɗar ɗaya ta gaji jifan ya lalace. Idan mai jifan sabon shiga ne, ya matso kusa, yadi 5 zuwa 7, ya yi jifa mai ƙarfi. Gajeren jifa mai saiti ya fi dogo mai yawo amfani.

Safar hannu kuwa a ajiye ta tukuna. Masu wasa sun daɗe suna neman abin da zai manne musu ƙwallo, har NFL ta haramta shafa danƙon nan da ake kira Stickum a 1981. Safar zamani halas ce kuma tana riƙo sosai, shi ya sa take ɓoye kuskure. A makonnin farko da hannu tsirara za a yi aiki.

Mataki na 1: Ƙirga, sannan ka gano dalili

Kafin ka gyara komai, ɗauki mako guda kana kallo kawai. Kafa waya a gefe, daidai inda yaron zai karɓi ƙwallo, yadda fuskarsa da hannayensa za su fito tare. A littafi ka rubuta kowane jifa: an cafe, an zubar, ko jifan ne ba ya cafuwa. Ka yi adalci a nan. Ƙwallon da ta wuce shi da taku biyu laifin mai jifa ne. Wadda ake lissafa wa risiba ita ce wadda ta shigo inda hannunsa biyu za su kai ba tare da mai tsaro ya doke ta ba. Ko a Amurka suɓucewa ba ta cikin ƙididdigar hukuma ta NFL, kamfanonin nazari irin su Pro Football Focus ne ke ƙirgawa, alƙalumansu kuma sukan saɓa wa juna. To kai ma ka kafa ma'auninka, kada ka sauya shi a tsakiyar tafiya.

A nawa ma'aunin, wanda ke zubar da ɗaya cikin ashirin lafiyarsa ƙalau, a bar shi ya ci gaba da atisayen yau da kullum. Wanda ya kai ɗaya cikin goma shi ne mai buƙatar wannan aikin.

Da dare ka zauna da bidiyon, ka riƙa tsayar da shi a daidai lokacin da ƙwallo ta taɓa hannu. Ka dubi idonsa kafin ka dubi hannunsa. Sau da yawa za ka ga abin mamaki: ƙwallo saura taki ɗaya ta iso, amma haɓarsa ta riga ta juya, idonsa na kan filin da yake shirin gudu a kai. Hannayen suna nan a buɗe daidai, sai dai babu mai yi musu jagora, sai tsinin ƙwallon ya bugi gindin babban yatsa ya yi tsalle. Shi kansa yaron in ka tambaye shi zai rantse maka yana kallonta har ta shigo. Sai ka nuna masa hoton zai yi shiru.

Kowace suɓucewa ka sa ta a ɗaya daga cikin waɗannan: ido ya bar ƙwallo da wuri, ya bari ta bugi ƙirji, zaman hannu ba daidai ba, ya makara wajen juyowa, ya ga mai tsaro ya tsorata, bai iya bin dogon jifa ta saman kafaɗa ba, ko gajiya. Bayan mako za ka tarar rukuni ɗaya ko biyu ne suka cinye fiye da rabin shafin. Nan za ka zuba ƙarfinka.

Kuskuren da sababbin koci ke yi shi ne su tsallake wannan mataki don suna ganin sun riga sun sani. Kada ka yi.

Mataki na 2: A duba ido da gaɓoɓi

Kai shi asibitin ido, ko ya ce yana gani garau. Mutum zai iya karanta allo daga nesa amma idanunsa biyu ba sa aiki tare yadda za su auna nisan abin da ke tahowa da gudu. Gwajin da za ka iya yi a fili kafin nan: ya rufe ido ɗaya ka jefa masa ƙwallon tanis a hankali sau goma, ya sauya ido ku sake. Idan bambancin ya yi yawa, ka faɗa wa likita. In an rubuta masa tabarau, ya nemi irin na wasanni mai igiya ko gilashin da ake sawa a cikin ido, kada ya shiga fili da na karatu.

Sannan ka duba yatsu, wuyan hannu, kafaɗa, har da idon sawu. Yatsan da ya taɓa gocewa yakan sa mutum janye hannu ba da saninsa ba. Ciwon ƙafa ma yana shafar cafiya, domin wanda bai iya taka ƙasa da ƙarfi ya juya ba zai iso wurin ƙwallo a makare, jikinsa a karkace. Davante Adams na Green Bay Packers ya buga kakar 2015 da ciwon idon sawu, ya yi ta zubar da ƙwallo, ya ƙare da yadi 483 kacal, wasu har suna kiran a sallame shi. A 2016, da ƙafa lafiya, ya cafe ƙwallon ci 12, wato wadda ake shiga da ita yankin ƙarshen fili a sami maki shida. A 2020 ya cafe 18.

Mataki na 3: Gyara zaman hannu

Nan ne tushe, kuma a tsaye ake fara shi, ba gudu.

Ƙwallon da ta zo daga ƙirji zuwa sama, manyan yatsu biyu su kusanci juna, manuniya biyu ma haka, su bar taga a tsakani. Ta cikin tagar nan tsinin ƙwallon zai shigo, sauran yatsu su rufe a jikinta. Wadda ta zo ƙasa da cibiya, sai a juya hannu, ƙananan yatsu su haɗu, tafin hannu na kallon sama da gaba. Tsakanin cibiya da ƙirji ne wurin ruɗu, inda yara ke rasa wanne za su yi, su ƙare da hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa suna tafa ƙwallon. Ka koya masa ya lanƙwasa gwiwa ya rage tsawo, ƙwallon ta dawo daidai ƙirjinsa, ya karɓe ta da manyan yatsu a haɗe.

Hannu ya fita gaban jiki ya tarbi ƙwallo, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. In ya miƙe hannu sanƙarau, babu abin da zai shanye ƙarfin jifan. In ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ƙwallon za ta iso ƙirji, kuma a wasan karo ƙirjin sanye yake da sulken roba mai tauri da ke mayar da ƙwallo waje. Ga wani abin da ba a cika faɗa ba: idan ƙwallo ta shigo jiki sosai, ido ba ya iya ganin takin ƙarshe na tafiyarta, musamman ga mai hular kwano da ƙarafa a gaban fuska.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli magina suna jefa wa juna tubali zuwa saman gini ya ga abin da ake nufi da hannu mai laushi: mai karɓa yana tarbar tubalin, hannunsa ya ɗan biyo shi baya, bai taɓa tsayar da shi tsam ba. Mahaifin Rice ma magini ne a jihar Mississippi, kuma Rice ya yi wannan aikin yana yaro. Haka ake son hannu ya yi da ƙwallo, yatsu su karɓa, wuyan hannu da gwiwar hannu su ja baya kaɗan.

Ka saurari cafiyar da kunnenka. In ƙwallo ta bugi tafin hannu za ka ji faf daga nesa. In yatsu ne suka karɓa, da ƙyar za ka ji motsi. Ni nakan juya baya wani lokaci ina saurare kawai, kuma yaran suna saurin fahimtar wannan fiye da dogon bayani.

Atisayen: ya durƙusa a kan gwiwa biyu don ƙafa ta fita daga lissafi, mai jifa a yadi 5. A jefa masa goma daidai fuska, goma sama da kai, goma dama, goma hagu, goma ƙasa. Sai ya miƙe a sake. Mai ɗabi'ar rungumar ƙwallo da ƙirji, tsayar da shi a bayan turken gola ko wani sanda, ya zagayo da hannayensa gaba, yadda ƙwallon ba ta da hanyar isa jikinsa. In babu turke, ya kwanta rigingine a jefo masa daga sama.

In babu abokin aiki, bango da ƙwallon tanis sun wadatar: jifa da dama a cafe da hagu, jifa da hagu a cafe da dama, da yatsu kawai. Don ƙarfin yatsu, ya cika bokiti da yashi ko shinkafa ya riƙa cusa hannu yana damƙa yana buɗewa na minti biyu ko uku.

Gargaɗi: hana shi cafiyar hannu ɗaya a wannan lokaci. Yara suna ganin bidiyon irin cafiyar da Odell Beckham Jr. ya yi a 2014 suna son kwaikwayo. Wanda hannunsa biyu bai zauna ba, ba shi da hurumin wasa da ɗaya.

Mataki na 4: Ido ya raka ƙwallo har hammata

Idan littafinka ya nuna ido ne matsalar, kuma galibi shi ne, to nan za ku daɗe.

Ƙwararren mai jifa yana sakin ƙwallo da gudun da ya kai kilomita 80 zuwa 90 a awa. A jifan yadi 15, abin da risiba ke da shi bai wuce rabin daƙiƙa da 'yan kai ba. A wannan ɗan lokaci, kallon ƙwallon gaba ɗayanta bai isa ba. Ka koya masa ya kafa ido a tsininta, inda ɗinki huɗu suka haɗu. Ƙaramin abin kallo yana tattara hankali wuri ɗaya.

Ɗauki tef ka manna launi daban a kowane tsini, ko ka rubuta lamba da maka a jikin kowace ƙwallo. Dokar ita ce, yana cafewa ya faɗi launin ko lambar da ƙarfi, sannan ya bi ƙwallon da ido har ya soke ta a hammata. Sokewar ma da tsarinta: yatsu a kan tsinin gaba, jikin ƙwallon a kan damtse, tsinin baya a matse tsakanin gwiwar hannu da haƙarƙari, sama-sama kusa da ƙirji. Haɓarsa ta sauka ƙasa yana kallonta. Sai bayan nan ya ɗaga kai ya yi gaba. Ido, cafiya, sokewa, gudu. A makon farko ya yi abin da gangan, a hankali, har ya ga kamar ya wuce gona da iri. Haka ake so, domin a ranar wasa rabin abin da aka koya ne ke fitowa.

Duk cafiyar da bai faɗi launi ba, ko bai sunkuyar da kai ba, ka rubuta ta a matsayin suɓucewa ko da ƙwallon na hannunsa. Zai yi gardama. Ka tsaya a kan bakanka, don sa'a ce ta cafe masa, kuma ba ta zuwa kullum.

Da ya saba, ƙara wahala. Ya juya wa mai jifa baya, a saki ƙwallo sannan a kira shi, ya juyo ya nemo ta a iska. A nan kansa ne ke fara juyawa, hannu ya biyo baya. Sannan a sa mutum biyu su tsaya tsakaninsa da mai jifa suna kaɗa hannu ko tawul ba tare da taɓa ƙwallon ba. Sannan a tsoma ƙwallon a bokitin ruwa. Jiƙaƙƙiyar ƙwallo ba ta yafe wa tafin hannu.

Game da yawa: an san Amon-Ra St. Brown na Detroit Lions da cafe ƙwallo 202 daga inji bayan atisaye. Ga mai farawa, 60 zuwa 100 a rana, kwana biyar a mako, sun isa, muddin kowace an yi ta da ido da sokewa. Da zarar ka ga ya fara cafewa yana hira, tsayar da atisayen. Abin da ya yi daga nan, ɗabi'ar da kuke yaƙa yake ƙara shukawa.

Mataki na 5: A koma gudu

Hannun da ya zauna a tsaye yakan warware da an fara gudu, saboda kai yana rawa, ido na rawa tare da shi. Fara da rabin gudu, a kan hanyoyin da yake bi a wasa: gajeren yanke zuwa tsakiya, juyowa baya, fita gefe. Ya riƙa gudu a kan gaban tafin ƙafa, domin mai dira da dunduniya kansa na girgiza. Idan jifan na juyowa ne, ya tako ya tarbi ƙwallon. Mai tsayawa jira yana ba mai tsaro damar shigowa gabansa.

Dogon jifa ta saman kafaɗa shi ne mafi wuya. Ƙananan yatsu a haɗe, gwiwoyin hannu kusa da juna, kai a ɗage baya. Kuskure biyu ne a nan. Na farko, miƙa hannu tun ƙwallo na nesa, wanda ke rage gudu ya kuma sanar da mai tsaro cewa ta taho. Hannu ya ci gaba da aikin gudu sai a takun ƙarshe. Na biyu, sauya kafaɗar da ake kallo ta kanta a tsakiyar tafiya, inda ƙwallon ke ɓace masa na ɗan lokaci. Fara da jifan yadi 10 mai lilo yana tafiya a hankali, a riƙa ƙara yadi biyar-biyar. In babu mai dogon jifa, mai jifan ya hau kan benci ko wani tudu ya lilo ta daga sama.

Mataki na 6: Tsoro da gajiya

Akwai yaron da ba ya zubar da ko ɗaya a atisaye, amma a wasa da ya ji takun mai tsaro sai hannunsa ya gajarce. Kada ka kunyata shi a gaban 'yan uwansa, tsoron duka halitta ce. Ka gaya masa gaskiya kai da shi: a wasan karo, dukan nan zai same shi ko ya cafe ko bai cafe ba.

Sai a saba masa a hankali. Wani ya riƙe filo ko naɗaɗɗiyar katifa ya buge shi a kafaɗa ko baya daidai lokacin cafiya, da sauƙi a farko, a riƙa ƙarawa. Ba a dukan kai, ba a dukan gwiwa. Wani kuma ya riƙa ƙoƙarin fizge ƙwallon bayan ta shiga hannu. Masu wasan tuta ba su da karo, amma hannun da ke kawowa ƙugu yana ɗauke musu ido, don haka a sa wani ya riƙa kai hannu ga tutar yayin cafiya.

Gajiya kuma, a ajiye cafiya ashirin na ƙarshe sai bayan gudun da ya sa shi haki. A ƙarshen wasa ne ake fi buƙatar hannunsa, lokacin ƙafa ta yi nauyi.

Mataki na 7: Abin da ke cikin kai

Wanda ya zubar da ƙwallo a bainar jama'a yakan shiga fili na gaba yana addu'ar kada a jefo masa. Jikinsa ya sanƙare, yatsu su yi tauri, ya sake zubarwa. Atisayen hannu ba ya kwance wannan ƙulli shi kaɗai.

Nelson Agholor, haifaffen Legas da ya tashi a Tampa ta jihar Florida, Philadelphia Eagles ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a 2015. Kaka biyu yana fama, har shi da bakinsa ya ce tunani ne ya yi masa yawa. A Nuwamban 2016 kocinsa Doug Pederson ya ajiye shi wasa guda don ya sami sarari. A 2017 aka matso da shi daga gefen fili zuwa ciki, inda jifa ya fi gajarta kuma ya fi zuwa akai-akai. Ya cafe 62, takwas daga ciki na ci ne, sannan a wasan ƙarshe na Super Bowl a Fabrairun 2018 ya cafe tara, suka doke New England Patriots da 41 da 33.

Abin da nake ɗauka daga nan a aikace shi ne, a farkon wasa ka tsara masa jifa biyu masu sauƙi, gajeru, don hannunsa ya ji ɗumin ƙwallo. In ya zubar, a sake jefa masa nan kusa, kada a ƙaurace masa har wasa ya ƙare. Ka ba shi ɗan abin da zai yi bayan kowace suɓucewa, kamar ya tafa hannu sau ɗaya, ya ja dogon numfashi, ya faɗi kalma ɗaya a ransa, misali "tsini". Kalmar ta zama umarnin abin da zai yi. Kada ka riƙa yi masa ihun "kada ka zubar", domin zubarwar kake sake ajiye masa a rai. Gyaran kuskure a bar shi sai an zauna kallon bidiyo.

Ka kuma sani ciwon yana iya dawowa. Agholor ya sake fama da shi a 2019, sannan ya farfaɗo a 2020 a Las Vegas Raiders da yadi 896. Saboda haka atisayen launi da sokewa ba a daina shi don an ga sauƙi, rage shi ake yi zuwa minti goma kafin kowane atisaye.

Mataki na 8: Sake awo bayan mako shida

Kafa waya a inda ka kafa ta da farko, ka yi ƙirga da ma'aunin farko. Yanzu ne zai mayar da safar hannu. Matsalar ido da ta zaman hannu su ne ke saurin sauka. Tsoro yana ɗaukar kaka guda ko fiye. Bin dogon jifa shi ne mai taurin kai, kuma wani lokaci ba ya gyaruwa. Troy Williamson, wanda Minnesota Vikings ta ɗauka na bakwai a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2005 saboda gudunsa, an duba masa ido, ya cafe dubban ƙwallaye a lokacin hutu, amma a wasan ƙarshe na kakar 2007 a Denver dogon jifa ya same shi shi kaɗai ba mai tsaro, ya zubar. A 2008 aka tura shi ƙungiyar Jacksonville.

Idan lissafinka ya nuna rukuni ɗaya ya ƙi motsi bayan zagaye biyu na wannan aiki, ka sauya masa aiki a fili. Mai kasa bin dogon jifa a ba shi gajerun hanyoyi a ciki, a riƙa miƙa masa ƙwallo kusa ya yi amfani da gudunsa. Wanda ke da gudu da ƙarfin zuciya amma hannun ya ƙi, gwada shi a tsaron baya, inda doke ƙwallo ƙasa ma nasara ce. Ka zaunar da shi ka nuna masa littafin tun daga shafin farko, ya ga inda ya ci gaba da inda ya tsaya, sannan ku yanke shawarar tare.